Kabeji

Kabeji wani nau'in kayan lambu ne da ake nomawa domin ganyensa, wanda ke naɗewa ɗaya a kan ɗaya har ya zama dunƙule guda mai kama da kai. Sunansa a kimiyyance Brassica oleracea, kuma yana cikin dangin tsirrai da ake kira Brassicaceae. Ana cin sa ɗanye, ana dafa shi, a wasu ƙasashe kuma ana tsima shi da gishiri har ya yi tsami. A ƙasar Hausa an fi sanin koren kabeji, wanda ake yankawa a kan shinkafa da ɗanwake da gurasa da tsire, ko a yi kwaɗonsa da ƙuli-ƙuli.

Kusan kashi 92 cikin 100 na nauyin kabeji ruwa ne. Da zarar an sare shi a gona ya rabu da saiwar da ke shayar da shi, sai ya fara asarar ruwan jikinsa a hankali ta ganye da ta wurin da aka yanka. Saboda haka yawancin abubuwan da mai saye ke dubawa a kasuwa, wato nauyi da tauri da yanayin gindi da na ganyen waje, hanyoyi ne na gane yawan ruwan da ya rage masa da kuma kwanakin da ya yi tun da aka sare shi. Sanin waɗannan alamomi yana da muhimmanci, domin kabeji kan ɓoye lalacewarsa a ciki, kuma sau da yawa ba a dafa shi kafin a ci.

Suna

Kalmar kabeji aro ce daga kalmar Turanci cabbage. Galibin kalmomin Hausa da wasali suke ƙarewa, don haka idan Hausa ta aro kalmar da ta ƙare da baƙi takan ƙara mata wasali a ƙarshe, kamar yadda aka yi wa kwaleji da gareji da caji. Ita kanta kalmar Turancin ta fito ne daga caboche, wadda ke nufin kai a karin Faransanci na arewacin Faransa. Masana tsirrai ma sun bi wannan ma'ana, domin rukunin da kabeji mai naɗewa yake ciki sun ba shi sunan capitata, daga kalmar Latin caput, ita ma kai take nufi.

A Jamhuriyar Nijar, inda Faransanci ne ya yi tasiri a kan Hausa, an fi jin ana ce masa shu, daga kalmar chou. Irin wannan bambanci yana nan a wasu kayan lambun da suka shigo tare da shi: abin da Bakano zai kira latas da karas, mutumin Maraɗi zai ce salati da karoti. A Larabci ana ce wa kabeji malfuf a ƙasashen Sham, ma'ana naɗaɗɗe, a Masar kuma kurumb. Kabeji ba shi da wata alaƙa da kabewa duk da kamancin sunayensu.

Siffa da yadda yake naɗewa

Kabeji tsiro ne mai gajeren kara. A farkon girmansa ganyayensa buɗewa suke yi su baje, masu faɗi da duhun kore. Bayan wasu makonni sai sababbin ganyayen da ke fitowa daga tsakiya su fara lanƙwashewa suna rufe juna. Daga nan girman yana ci gaba ne daga ciki: sabon ganye na fitowa a tsakiya yana tura na waje, har dunƙulen ya cika ya yi tauri. Wannan shi ya sa kabejin da aka sare kafin ya ƙosa yake da rami-rami a ciki, wanda kuma aka bari ya wuce lokacinsa yake fashewa.

Ganyen waje yana samun rana, shi ya sa yake kore shar. Na ciki ba ya samun haske, sai ya kasance fari ko fari mai ratsin rawaya. A saman ganyen waje akwai wani farin abu kamar ƙura, mai kama da kakin zuma, wanda tsiron ke fitarwa da kansa domin rage asarar ruwa. Shi ne ke sa ruwa ya taru ɗigo-ɗigo ya gangare idan aka zuba a kan ganyen.

A ɗabi'arsa kabeji shekara biyu yake yi: a ta farko ya naɗe, a ta biyu ya fitar da dogon kara mai fure rawaya da iri. Manoma suna sare shi ne a zangon farko. Nauyin dunƙule ɗaya yakan kama daga rabin kilo zuwa kilo 4, ya danganta da iri da kulawar da ya samu. Mafi nauyin da aka taɓa aunawa a hukumance shi ne na kilo 62.71, wanda wani manomi mai suna Scott Robb ya noma a jihar Alaska ta Amurka a shekarar 2012.

Asali da yaɗuwa

Kakan kabeji wani tsiron daji ne da ba ya naɗewa, wanda har yau yake fitowa a kan duwatsun gaɓar teku a yammaci da kudancin Turai. Daga wannan tsiro guda manoma suka yi ta zaɓen iri tsawon ƙarnoni, har aka samu kabeji da farin kabeji da burokoli da wasu ganyayyaki. Girkawa da Romawa sun noma nau'o'insa masu buɗaɗɗen ganye, kuma marubucin Roma Cato ya yabe shi a matsayin abinci da magani a littafinsa na aikin gona, wajen shekara 160 kafin haihuwar Annabi Isa. Kabeji mai naɗewa da tauri irin wanda aka sani yanzu ya bayyana ne a Turai a tsakiyar zamanai.

Matuƙin jirgin ruwa ɗan Faransa Jacques Cartier ne ya kai shi Kanada a tafiyarsa ta 1541. A ƙarni na 18 kuma Kyaftin James Cook na Ingila ya riƙa ɗaukar gangunan kabeji mai tsami a doguwar tafiyarsa ta teku, domin kare ma'aikatan jirginsa daga cutar da rashin bitamin C ke haddasawa, wadda ke sa dasashi zubar da jini. A yau duniya tana noma fiye da tan miliyan 70 na kabeji da danginsa a shekara. Ƙasar Sin ce kan gaba da kusan rabin wannan adadi, Indiya na biye mata.

Nomansa a Najeriya da Nijar

Sunayen da ake kiran kabeji da su a Najeriya da Nijar sun nuna cewa ta hannun Turawa ya shigo. Tsiro ne mai son sanyi, ya fi yin kyau idan zafi yana tsakanin digiri 15 da 20 a ma'aunin Salshiyas. Wannan ne ya sa tsaunin Jos, mai tsayin kimanin mita 1,200 daga doron teku, ya zama cibiyar nomansa a Najeriya. A can ana noma shi damina da rani, kuma a wurare da dama da ruwan tsofaffin ramukan haƙar kuza ake ban ruwa. Daga kasuwanni irin su Farin Gada a Jos ake lodinsa a buhuna zuwa Abuja da Legas da sauran biranen kudu.

A jihohi irin su Kano da Kaduna da Katsina kuwa, kabeji amfanin noman rani ne. Ana renon irinsa kamar mako huɗu zuwa shida, a dasa shi a fadamu da filayen ban ruwa idan hunturu ya shigo, sannan a sare bayan wata biyu zuwa uku. Haka abin yake a lambunan Maraɗi da Tawa da Damagaram da bakin kogin Kwara a Yamai. Daga cikin irin da manoman yankin suka sani akwai Copenhagen Market da Gloria da Oxylus.

Wannan tsari yana shafar mai saye kai tsaye. Daga tsakiyar hunturu zuwa farkon bazara kabeji yakan wadata a kasuwannin kayan gwari irin su 'Yankaba a Kano, ya yi araha, kuma yawancinsa daga gonakin kusa yake zuwa. Idan zafin bazara ya tsananta yakan yi saurin yaushi a rumfa. Da damina kuma yakan yi tsada, ya fito daga nesa, ga laima mai saurin ruɓar da shi. A waɗannan lokuta biyu ne aka fi buƙatar lura wajen zaɓe.

Ire-irensa

Koren kabeji shi ne ya fi yawa a kasuwa. Ganyensa sumul yake, dunƙulensa zagayayye ne ko mai ɗan faɗi a sama, kuma shi ne ya fi tauri.

Jan kabeji launinsa shunayya ne, ganyensa ya fi kauri, kuma yawanci bai kai koren girma ba. Launin ya fito ne daga wani sinadari mai suna antosayanin, wanda ke sauyawa gwargwadon abin da ya haɗu da shi. Idan aka matsa masa lemon tsami sai ya koma ja mai haske, idan kuma ya haɗu da kanwa sai ya koma shuɗi ko kore. Saboda haka ake amfani da ruwansa a darasin kimiyya wajen gwada tsami.

Kabejin Savoy ganyensa a cukurkuɗe yake, mai laushi, kuma ba ya matsewa sosai ko da ya ƙosa.

Kabejin Sin dogo ne, ganyensa mai taushi da faffaɗar farar jijiya. Shi daga wani jinsi dabam yake, wato Brassica rapa, kuma da shi ake yin kimci a Koriya. Waɗannan biyun na ƙarshe an fi samun su a manyan kantunan birane.

Yadda ake zaɓen mai kyau

Nauyi

Abin da ake fara yi shi ne a ɗaga kabejin a hannu. Mai kyau yakan fi yadda ido ya zata nauyi. Hanya mafi sauƙi ita ce a ɗauki biyu masu girma ɗaya, ɗaya a kowane hannu, a zaɓi wanda ya fi nauyi. Kabeji mara nauyi ko dai an sare shi bai gama cika ba, ko kuma ya daɗe ruwansa ya tafi. Tun da a kasuwannin gargajiya da ɗai-ɗai ko kashi-kashi ake sayar da shi ba da sikeli ba, wanda ya zaɓi mai nauyi ya fi samun abin yankawa a kan kuɗi ɗaya.

Tauri

Sai a riƙe shi da tafin hannu biyu a matsa, a kuma danna samansa da babban yatsa. Koren kabeji da ja waɗanda suka ƙosa ba sa lotsawa, wani lokaci har a ji ɗan ƙara na gogar ganye da ganye. Idan ya lotsa kamar soso, akwai iska tsakanin ganyayen. Idan kuma wuri ɗaya ne kawai ya yi laushi alhali sauran jikin da tauri, to ana zargin ruɓa ko buguwa a wannan wurin, wanda kan faru wajen lodi da saukewa. Wannan gwaji bai shafi kabejin Savoy da na Sin ba, domin su dama ba sa matsewa.

Gindi

Gindi, wato wurin da wuƙa ta yanke kara, shi ne ya fi nuna kwanakin kabeji, don haka ake juya shi a duba. Sabon yanka fari ne, mai danshi, ba tsaga. Bayan kwanaki sai ya fara bushewa ya koma ruwan ƙasa, daga baya ya tsattsage ko ya yi rami a tsakiya. Idan gindin ya yi baƙi, ko ya yi laushi da yauƙi, ruɓa ta kama shi, kuma takan bi karan tsakiya ta shige ciki ba tare da an gani daga waje ba. Ana kuma duba inda ganye ya manne da kara. Ganyen da ya fara saki daga gindi yana rabuwa da kara alama ce ta tsufa.

Ganyen waje

Kabejin da ya zo da ganye biyu ko uku na waje ya fi wanda aka fere tas, domin waɗannan ganyaye su ne rigarsa, su ke kare shi daga rana da ƙura da hannun mutane. Ana so su kasance kore, tsayayyu, idan aka lanƙwasa jijiyar ganyen ta karye da ƙara. Wanda ya yi yaushi yana lanƙwashewa ne kamar tsumma. Ganye mai rawaya yana nuna cewa kabejin ya tsufa ko ya sha zafi. A jan kabeji ana neman launi mai duhu da sheƙi, gefen ganyen bai bushe ba.

Akwai tabon da ke nuna cuta. Idan gefen ganye ya yi rawaya a siffar harafin V, jijiyoyin wurin kuma suka yi baƙi, wannan cutar baƙar ruɓa ce, wadda bakteriyar Xanthomonas campestris ke kawowa. Irin wannan kabeji ba ya ajiyuwa. Baƙin tabo mai da'ira cikin da'ira kuwa aikin funfuna ne.

Wari

Sabon kabeji ba shi da wani wari sai ɗan ƙanshin ɗanyen ganye. Ana shinshina gindin, domin daga nan wari yake fara fita. Ɗoyi ko wari mai kama da na ruɓaɓɓen ƙwai yana nuna cewa ruɓa ta yi nisa, ko da saman yana da kyan gani.

Fashewa da tsini

Kabeji yana fashewa a gona idan ya wuce lokacin sara, ko idan ya sha ruwa mai yawa bayan ya daɗe da ƙishi. Fasasshen kabeji ana iya cin sa idan sabo ne, amma tsagar ƙofa ce ga ƙasa da ƙwari da ƙwayoyin cuta, don haka ya fi dacewa da dahuwa a ranar. Idan irin zagayayye ne amma samansa ya yi tsini ko ya kumbura, karan fure ne ya fara tasowa daga ciki. Irin wannan yakan yi ɗaci, karan tsakiyarsa ya yi tsawo, abin yankawa ya ragu.

Ɓarnar ƙwari

Ana ɗan buɗa ganye ɗaya ko biyu a leƙa. Huji a ganyen waje kaɗai ba matsala ba ce. Abin gudu shi ne hujin da ya nufi ciki, musamman idan akwai kashin tsutsa kore ko baƙi a bakinsa, domin mai yiwuwa tsutsar tana nan. Ana kuma duba ƙasan ganye ko akwai tarin darɓa, ƙananan ƙwarin nan masu tsotse ruwan ganye.

Yankakken kabeji

Masu kayan gwari sukan raba kabeji biyu ko huɗu saboda mai ƙaramin ƙarfi. Amfanin wannan shi ne ana ganin ciki: ganyaye a matse, karan tsakiya gajere, babu ratsin ruwan ƙasa a tsakanin ganye. Illarsa kuma ita ce fuskar da aka yanka tana bushewa, bitamin C na raguwa, ƙuda da ƙura na sauka a kai. Abin da ya fi shi ne a sa mai kaya ya yanka sabo a gaban mai saye. Wanda aka riga aka yayyanka ƙanana aka ƙulla a leda shi ne ya fi saurin lalacewa, kuma babu hanyar sanin ko an wanke shi da ruwa mai tsabta.

Lokacin sayayya ma yana da tasiri. Da safe ake sauke sababbin kaya, kuma kabejin da ke cikin inuwa ya fi wanda ya wuni a rana.

Alamomin da kan ruɗi mai saye

Wasu suna ɗauka cewa kabeji fari tas shi ne sabo. Sau da yawa akasin haka ne, domin idan kaya ya kwana mai sayarwa yakan ɓare ganyen da ya yi yaushi, ya sake datse gindin ya fito fari. Ana gane wannan idan aka ga dunƙulen ya yi fari sosai, ga guntayen gindin ganyayen da aka cire jere a kewayen kara, kuma karan an datse shi har ya shige ciki.

Yayyafa ruwa yana sa ganye ya yi sheƙi na ɗan lokaci, amma ba ya mayar da nauyin da ya tafi, kuma ruwan da ya kwanta tsakanin ganye yana jawo ruɓa.

Girma ma ba shi ne inganci ba. Ƙaramin kabeji mai tauri ya fi babba mai iska, kuma ga ƙaramin gida, wanda za a cinye cikin kwana biyu ya fi wanda za a yanka a ajiye saura.

Farin kakin da ke saman ganye wasu kan zata ragowar maganin feshi ne, alhali halittar tsiron ce. Haka nan ƙananan ɗige-ɗigen baƙi kamar garin masoro da kan bayyana a jikin ganye bayan ajiya ba ruɓa ba ne, kuma ba sa cutarwa.

Akwai kuma masu cewa kabeji mai huji shi ne wanda ba a yi wa feshi ba. Wannan ba hujja ba ce. Babbar abokiyar gabar kabeji ita ce tsutsar wani ƙaramin ƙwaro mai fiffike da ake kira Plutella xylostella, wanda ya shahara wajen jure magani. Tun a 1953 aka ba da rahoton cewa ya daina jin maganin DDT a tsibirin Java na Indonesiya. Saboda haka gona na iya shan feshi sau da yawa kuma a ga huji a ganyenta. Ido ba ya ganin ragowar magani. Abin da ke kare mai ci shi ne manomi ya kiyaye kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba tsakanin feshi na ƙarshe da sara, mai girki kuma ya cire ganyen waje ya wanke saura.

Wankewa da kiyaye lafiya

Kabeji yana girma ne dab da ƙasa, inda taki da ruwan ban ruwa ke taɓa shi. A gefen wasu birane da ruwan magudana ake shayar da lambuna, kuma irin wannan ruwa na iya ɗauke da ƙwayoyin taifot da kwalara da ƙwan tsutsar ciki. Tun da ganyen ciki a rufe ya girma, yawancin dattin yana ganyen waje ne da gindi. Don haka ake cire ganye biyu ko uku na sama, a datse gindi, a wanke dunƙulen kafin a sa wuƙa, domin wuƙa na iya kai datti daga waje zuwa ciki. Bayan an yanka sai a sake wankewa da ruwa mai tsabta. Jiƙa shi na 'yan mintoci a ruwan gishiri ko ruwan khal yana fito da tsutsa da ƙwari, yana kuma rage ƙwayoyin cuta, amma dahuwa ce kaɗai ke kashe su gaba ɗaya. Ba a yanka shi a kan katakon da aka yanka ɗanyen nama sai an wanke.

Sanyin firji ma ba ya kashe ƙwayoyin cuta. A 1981 an samu ɓarkewar cutar listeriya a gabashin Kanada, inda mutum 41 suka kamu, yawancinsu masu juna biyu da jarirai. Bincike ya gano cewa daga haɗin ɗanyen kabeji ne, wanda aka noma da takin tumaki sannan aka daɗe ana ajiye da shi a ɗakin sanyi. Wannan lamari na cikin hujjojin farko da suka tabbatar cewa ta abinci cutar take yaɗuwa. Masu juna biyu da tsofaffi da marasa lafiya sun fi samun kariya idan suka ci dafaffe, musamman a lokacin annobar kwalara.

Adanawa

Kabeji ya fi latas da alayyahu jure ajiya. A ɗakunan sanyi na 'yan kasuwa, inda ma'auni ke kusa da digiri 0 da danshi mai yawa, nau'o'i masu saurin nuna kan yi mako 3 zuwa 6, masu jinkirin nuna kuma har wata 5 ko 6. A firjin gida, dunƙulen da ba a yanka ba yakan yi mako biyu ko fiye idan aka sa shi a leda mai 'yan huji. Ba a wanke shi kafin ajiya, sai lokacin da za a yi amfani da shi. Wanda aka yanka a rufe fuskar yankan, a cinye cikin kwana biyu zuwa uku.

Inda babu firji ko wuta ba ta tsayawa, ana ajiye shi a inuwa mai iska da ganyen wajensa, a ɗora shi a kan kwando ba a ƙasa ba. Maimakon a raba shi biyu, ana iya ɓarar ganye daga waje gwargwadon buƙata, sauran ya zauna a rufe. Akwai kuma dabarar tukunya cikin tukunya, inda ake zuba jiƙaƙƙen yashi tsakanin tukwanen ƙasa biyu a rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Mohammed Bah Abba, malami a jihar Jigawa, shi ne ya yaɗa ta a ƙauyukan arewacin Najeriya, har ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Ta fi aiki a lokacin rani, sa'ad da iska take a bushe.

Ba a haɗa kabeji wuri ɗaya da nunanniyar ayaba ko mangwaro ko tumatir ko tuffa. Waɗannan suna fitar da iskar etilin, wadda ke sa ganyen kabeji ya yi rawaya ya saki daga kara.

Sinadarai da amfani a girki

Giram 100 na ɗanyen kabeji yana ɗauke da kalori kusan 25, da bitamin C kimanin miligiram 36, da bitamin K mai yawa, da kuma harza mai taimaka wa narkewar abinci. Bitamin C yana raguwa da tsawon ajiya da yanka da doguwar dahuwa, wanda wannan wani dalili ne na zaɓen sabo. Warin da kabeji ke yi idan ya daɗe a wuta daga sinadaran farar wuta da ke jikinsa yake fitowa, shi ya sa ake zuba shi a ƙarshen girki. Yana sa wasu kumburin ciki saboda wani nau'in sukari mai suna rafinos da hanji ba ya narkarwa da sauƙi. Masu shan maganin tsinka jini na warfarin ana shawartarsu kada su sauya yawan kabejin da suke ci kwatsam ba tare da sanin likita ba, saboda bitamin K yana rage ƙarfin maganin.

Abin da za a yi da kabeji shi ke nuna irin wanda za a saya. Kwaɗo da haɗin salak da wanda ake zubawa a kan awara ko tsire suna buƙatar sabo mai garas-garas, tun da ɗanye za a ci. Wanda ya ɗan yi yaushi amma bai ruɓe ba yana yi a miya da dambu da soyayyar shinkafa da faten dankali. Wanda gindinsa ya yi yauƙi ko yake wari kuwa zubar da shi ake yi.

Duba kuma

Latas
Karas
Noman rani
Kwaɗo